Farashin gwamnati da buhun masara: inda kuɗin ke maƙalewa

Da zarar sabuwar masara ta fara shigowa kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe daga Kumo, Billiri da Dadin Kowa, farashi kan zube, sai a tayar da maganar gwamnati ta yanke farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. A Yulin 2024, da aka jingine harajin shigo da masara, alkama, shinkafa da wake na kwana 150, ministan noma Abubakar Kyari ya yi alƙawarin hakan. Sai dai manoma da yawa sun ɗauka kuɗi ne za su ji ya faɗo a asusu.

A Amurka ne ake biyan manomi ciko idan kasuwa ta gaza farashin da doka ta yanke. Mu nan, tun da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, abin da ya rage shi ne gwamnatin tarayya ta sayi hatsi ta zuba a rumbunanta. Wanda bai sayar mata ba, ko kwabo ba zai gani ba.

Ita kuwa ba ta saye da mudu. Kwangila take bayarwa, kuma tirela guda tan 30 take ɗauka, wato buhu 300 mai kilo 100. Mai buhu 15 ba shi da ƙofar shiga, dole ya bi ta hannun dillali, ribar ta tsaya can. Maganinsa ƙungiya: mutum ashirin masu buhu 15 sun cika tirela, in dai suna da rajista da asusun banki da sunan ƙungiyar.

Inda aka fi mayar da kaya baya shi ne danshi. Masarar ajiya kada ta wuce kashi 13 cikin 100, domin in ta wuce sai ta yi zafi, ta yi fumfuna, ƙwari su samu gida. Ga lissafin da dillali ya sani, manomi bai cika yi ba: buhu mai kilo 100 da danshinsa ke kashi 18, in ya bushe zuwa 13, kilo 94 da ɗoriya zai koma. Saboda haka in an zaftare maka kilo 6 ba a cuce ka ba, amma in an ce 10, to an shiga haƙƙinka. In babu na'urar awo, a zuba masara da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a girgiza. Gishirin ya manne a jikin kwalbar? A mayar da ita rana. A shanya a kan tamfol, domin tsakuwa da ƙasa ma ana cire nauyinsu, sannan a sheƙe sosai.

Babban cikas, a ganina, lokaci ne. Manomi a kaka yake neman kuɗi, ga bashin taki, ga kuɗin makaranta. In sayen gwamnati ya makara har bazara, hatsin ya riga ya koma ɗakin ajiyar 'yan kasuwa, su ne za su kwashi garaɓasar. Mai halin jira ya zuba busasshiyar masararsa a buhun nan mai leda biyu a ciki, ya ɗaure kowace leda daban, ya ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera.