Tarihin Rayuwata, Kashi na 27: Masu Cin Rani na Kan Ruwa

Makon jiya na tsaya a ranar da aka fitar da jirgina daga ruwa, ƙarshen watan Satumba, a 'yar tashar jiragenmu da ke kusa da Annapolis a jihar Maryland. Wata ƙatuwar na'ura ce mai taya huɗu take zura ɗamara biyu a ƙarƙashin jirgi, ta cicciɓe shi ta kai tudu. Sai a ranar mai jirgi yake ganin ɓarnar da ruwa ya yi masa a ɓoye. Cikin nawa ya cika da 'yan halittun nan masu ɓawo da ke mannewa kamar siminti. Dunƙulen tutiyar da ake ɗaurawa a sandar farfela, don gishiri ya ci shi maimakon ya ci ƙarfe, saura ɗan guntu kamar ɓarin goro. Kwana tara na yi ina kankara, ina goga, ina fenti, duk bayan na taso daga aiki. Na canza baƙin mai da filtar dizal, na sa sabuwar 'yar farfelar roba a famfon da ke jawo ruwa yana sanyaya inji, na ajiye guda biyu a akwati.

Kaka tana raba mutanen tashar gida biyu. Akwai masu naɗe jirgi su jira bazara, akwai masu kwance igiya su gudu wa sanyi, su nausa kudu zuwa Florida ko tsibiran Bahamas. Ni da na taso a Yawuri, bakin Kwara, ban sha wahalar gane su ba: 'yan cin rani ne, sai dai nasu na kan ruwa. Shekara shida ina cikin masu naɗewa. Ina tsaye a kan gadar katako ina ɗaga wa masu tafiya hannu, raina yana biye da su.

Wanda ya koya mini kusan komai a harkar nan wani dattijo ne Ba'amurke da jirginsa ke maƙwabtaka da nawa. Baba nake ce masa. Da farko abin ya ba shi mamaki, da na faɗa masa abin da kalmar take nufi a wajenmu sai ya riƙe ta, har shi ma in ya bugo waya yakan ce Baba ne. Duk kaka yana cikin masu tafiya. A wannan shekarar aka yi masa aiki a gwiwa, likita ya hana. Ranar da ya gaya mini bai kalle ni ba, jirginsa yake kallo.

Na ce masa ni zan shirya masa shi don hunturu.

Aikin nan ba a yi masa gaggawa. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan ɗan ƙarin ya isa ya tsaga tiyo, ya fasa famfo, ya tsaga jikin inji. Don haka duk inda ruwa zai iya laɓewa sai an bi shi an kore shi. Baba ya zauna a kan bokiti da aka kifar, sandarsa a tsakanin ƙafafu, yana ba da umarni. Na cire tiyon da ke kai wa inji ruwa na tsoma shi cikin bokitin maganin hana daskarewa, wani ruwa mai launin hoda wanda ba shi da dafi. Na tayar da inji, shi kuma yana leƙen salansa ta baya. Ruwan da ke fita ya fara fari, ya koma kamar an ɗiga zoɓo, sannan ya zama hoda sosai. Ya ɗaga sanda, na kashe. Haka muka bi tankin ruwan sha, famfon kicin, ban ɗaki, ɗaya bayan ɗaya. Muka cika tankin dizal don kada raɓa ta taru a ciki. Na sauke ƙyallayen iska na naɗe, na kwashe katifu saboda fumfuna. Washegari masu leda suka zo suka kafa katako, suka lulluɓe jirgin da farar leda, suka bi ta da wuta har ta ɗame kamar fatar ganga.

Da suka gama, Baba ya daɗe bai ce komai ba. Can ya buɗe mota ya ɗauko wani tsohon littafin taswirar ruwa, gefensa duk ya kumbura don shan laima, ya miƙo mini. Kowane shafi da rubutunsa da fensir: nan ƙasa tana riƙe anga, nan yashi ya taru kada ka matsa dama, nan akwai shagon abinci kusa. Ya ce littafin bai taɓa yin hunturu a Maryland ba, kada ya fara a bana.

Da dare na ajiye shi gaban Hajiya. Ta juya shafuka, ta ce, "Alhaji, ka riga ka yanke shawara ko tambayata kake yi?" Na ce tambaya nake. Ta ce in dai za a sayi barguna biyu masu kauri, kuma ba za mu yi tafiyar dare ba, ta yarda. Yara sun girma, hutuna na wurin aiki ya taru. Babu sauran hanzari.

Ba a tafiya da wuri. Lokacin guguwar teku yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma kamfanonin inshora da dama ba sa yarda jirgi ya yi nisa kudu kafin shigar Nuwamba. Shi ya sa za ka ga jirage sun yi jerin gwano a 'yan kwanaki ɗaya. Muka kwance igiya da sanyin asuba, na karanta "Bismillahi majreha wa mursaha", addu'ar da na fara ji a bakin masu kwale-kwale a Yawuri tun ban san daga suratu Hudu take ba. Kwana huɗu muka yi muna gangara mashigin Chesapeake, muka kwana a Solomons da Deltaville, idona kullum a kan ruwa saboda igiyoyin tarkon ƙaguwa da ke naɗe farfela. Sallah a kan anga sai da kamfas, domin jirgi yana juyawa da iska. Alƙibla a can arewa maso gabas take, sai ka duba kafin kabbara.

A Norfolk muka wuce gefen jiragen yaƙin Amurka, nawa mai ƙafa 30 ya koma kamar ƙoƙo a bakin randa. Nan mil na farko na hanyar cikin gida yake, wadda ke bin koguna da hanyoyin da aka haƙa har Miami, sama da mil 1,000, ba tare da ka fita babban teku ba. Hanya ta rabu biyu. Baba ya zagaye ta cikin fadamar Dismal Swamp da fensir a littafinsa, don haka ita muka bi.

A Deep Creek aka shigar da mu wani ɗakin ruwa mai ƙofa gaba da baya, aka rufe, ruwa ya riƙa tasowa da mu kamar ƙafa takwas, Hajiya riƙe da igiyar gaba, ni da ta baya. Da ƙofa ta buɗe sai ga wata siririyar hanya miƙaƙƙiya, mil 22, bishiyoyi sun yi ja da rawaya sun sunkuyo daga kowane gefe, ruwan kuwa launin shayi. An fara haƙa ta a 1793, aka buɗe ta a 1805, kuma bayi baƙaƙen fata ne suka haƙa da hannu, tsaye cikin taɓo. Cikin wannan fadamar ce kuma bayin da suka gudu suka riƙa ɓuya, wasu har suka hayayyafa a ciki. Na rage gudun inji. Ban iya wucewa ta wurin kamar mai yawon shan iska ba. Hajiya ta yi shiru, na ga leɓenta yana motsi.

Wajen la'asar ƙarar gargaɗi ta tashi, allurar zafin inji ta haye. Saman ruwan ya rufe da wani ɗanyen tsiro ƙanana kamar an watsa gero. Na kashe inji, na rufe bakin ruwa, na kwance rariyar da ke tace shi, ta cushe taf da koren abin nan. Na wanke, na mayar, muka ci gaba. Sau uku na yi haka kafin mu kai masaukin da ke gefen babban titin mota mai lamba 17, inda muka ɗaure jirgi jikin wani jirgin. Da na buɗe littafin da dare, a ƙasan shafin, da ƙananan baƙaƙe, Baba ya rubuta a duba rariya kowace awa a lokacin kaka.

Daga garin Elizabeth City, bayan mun fita daga fadamar, na buga wa Baba waya. Bai tambayi lafiyarmu ba sai da ya tambayi launin ganye a hanyar, da ko tsiron ya yi yawa bana. Na ba shi labari dalla-dalla. Sannan ya ce kada in kuskura in shiga Albemarle, faffaɗan mashigin ruwan da ke gabanmu, in iska tana da ƙarfi, ruwan ba shi da zurfi, igiyar ruwansa gajera ce mai duka. Kwana biyu muka zauna muna jira ta kwanta. Yadda muka ƙetare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.