Ƙofar da ganye ke rufewa idan ƙasa ta bushe

A shekarata ta uku a jami'a aka ba mu aikin ɓare fatar bayan ganyen wake, siririya kamar ɓawon albasa, mu duba ta a madubin ƙara girma. Na ga ƙananan ƙofofi birjik, kowace da ƙwayoyi biyu masu gadinta, masu siffar ƙoda. Muka ɗiga musu sinadarin ABA, wato abscisic acid, wanda tsiro ke haɗawa a jikinsa. Kafin awa guda, yawancinsu sun tsuke baki.

Da can ina ɗaukan tsiro a matsayin abin da fari ke yi wa yadda ya ga dama. Ashe ba haka ba ne. Idan ƙasa ta fara bushewa, tsiron da kansa yake ƙara yawan ABA, domin ta waɗannan ƙofofi ruwansa ke tsiyayewa.

Tun shekarun 1960 aka gano sinadarin a jikin auduga, amma sai 2009 aka san abin da ke karɓar saƙonsa, ta hannun tawagar Sean Cutler a Amurka da ta Erwin Grill a Jamus. Abin da ya fi burge ni shi ne ABA ba ya tura komai, birki yake cirewa. Akwai furotin SnRK2 da a shirye yake ya rufe ƙofa, sai dai wani furotin, PP2C, ya danne shi. Da ABA ya shiga aljihun mai karɓarsa, PYR1 ko 'yan uwansa, sai aljihun ya rufe, ya cafke PP2C. Nan take SnRK2 ya sami sarari ya buɗe mashigar SLAC1, gishiri ya fice daga ƙwayoyin gadi, ruwa ya bi shi, su yi laushi, ƙofa ta rufe. Amma da tsada, don ta ƙofar nan iskar da tsiro yake haɗa abinci da ita ke shiga.

Inda abin ya taɓa ni shi ne wuta-wuta. A 2019 masu bincike a Japan suka nuna cewa wani PP2C nata ba ya kamuwa, don haka ƙofofinta a buɗe suke ko ana fari. Dawa na tattala ruwa, ita kuwa tana zuƙewa daga saiwarta. Na tuna gonar kakana, yadda dawa ke tsumburewa a gefen da furen nan mai ruwan hoda ya fi yawa, yana tsugune yana tuge su ɗaya bayan ɗaya.