Mun je kallon tseren mashin a kan ƙanƙara a Wisconsin

Jiya da daddare muka dawo Minneapolis ta Amurka, har yanzu yatsun ƙafata ba su gama wartsakewa ba. Ƙanina ne ya jawo min, ya ce "Yaya tunda a Janairu ka zo, wallahi sai ka ga haukan mutanen nan da idonka", wai wani abokin aikinsa Bature ɗan arewacin Wisconsin ya gayyace mu garinsu kallon tsere. Tafiyar awa huɗu da wani abu a mota, daji da itatuwa da fari fat ko'ina, babu abin ba da labari.

Garin Eagle River ɗan ƙarami ne, mutanensa ba su kai dubu 2 ba, amma su da bakinsu suna cewa su ne hedikwatar mashin ɗin ƙanƙara ta duniya, kuma ban musa ba don a gidan mai da muka tsaya layin mashinan ya fi na motoci tsawo. Shi mashin ɗin hannu da kujera irin na babur ne, gaba ƙafafu biyu masu sulɓi, baya kuma bel ɗin roba mai faɗi kamar ƙafar katafila. Tun 1964 suke gasar da suke kira ta zakaran duniya, yanzu a wani fili mai zagaye na rabin mil ake yin ta, kuma ba dusar ƙanƙara ba ce a ƙasa, ruwa suke ta kwararawa da tankoki har ya daskare ya zama dutse. An dasa ƙusoshi a jikin bel ɗin don ya riƙe, a miƙe suna haura mil 100 a awa, in sun zo kwana mutum zai zame daga kujera ya rataye a gefe gwiwarsa na neman taɓa ƙasa, garin ƙanƙara ya turnuƙe na baya ba ya ganin komai, tsakaninsu da katanga damin ciyawa ne kawai. Ni dai salati nake, ga sanyi ya kai 20 ƙasa da sifili, su kuwa har da jarirai a naɗe cikin bargo.

Mahaifin abokin namu, wani dattijo mai farin gemu, shi ya ja mu bayan fili inda ake gyaran mashinai, kuma nan ne na fi jin daɗi. Na ɗauka 'yan tseren nan masu kuɗi ne, ashe yawancinsu talakawa ne masu taurin kai. Wani yaro da bai wuce shekara 20 ba, babansa mai aikin famfo ne kuma shi ne makanikensa, uwar ce ke riƙe da agogo da abinci, shi yaron in zafi ya zo aikin gini yake yi ya tara na hunturu. Na tambayi uban ko ana samu, ya yi dariya ya ce kyautar da ake ci ko kuɗin mai da ƙusoshi ba ta biya. Sabon mashin na hawa kawai sai ka ajiye dala dubu 15 ko fiye, kar ma ku lissafa da naira ranku ya ɓaci. Sitikun da ke jikin nasa duk na 'yan gari ne, mai taya, mai katako, kowa ya ɗan taimaka da abin da zai iya. Tun suna shekara 4 ko 5 ake ɗora su a kan ƙananan mashinai masu siisii 120, su ma da nasu tseren.

Waɗanda suka ci abinci da harkar sosai ba su da yawa. Tucker Hibbert da kamfanin ƙera mashinan Arctic Cat ya riƙe ya ci zinare 10 a tseren tsalle-tsalle na gasar wasannin kasada ta X Games kafin ya ajiye a 2018. Wanda dattijon ya fi ji da shi kuwa Gilles Villeneuve ne ɗan Kanada, ya ci gasar nan a 1974, daga nan ya koma tseren mota har Ferrari ta ɗauke shi a 1977, ya rasu a hatsari a Beljiyam a 1982, ƙaninsa Jacques ma sau uku ya ci a nan. Amma duk wanda ka zauna da shi kuka yake, Yamaha ta daina ƙera mashinan bayan samfurin 2025, hunturun 2023 zuwa 2024 kuma dusar ta ƙi sauka har wurare da dama ba a buɗe hanyoyin hawan mashin ba.

Na so in hau da kaina, wani mai shagon haya ya tsare min gaba. Doka ce a jihar, wanda aka haifa daga 1985 zuwa sama sai da shaidar horo, to ban ƙi ba, amma ko ɗago kai bai yi ba, ya turo min fasfona da ɗan yatsa ya ce na gaba. A Kano ko mai shago zai hana ka abu sai ya tambaye ka gida da iyali tukuna. Dattijon ne ya goya ni a bayan nasa, ya ara min riga da hular kwano, da ya ga ina neman wurin sallah ya buɗe min ɗakin ajiyarsa mai hita har da ruwan ɗumi a buta ta shayi. Matarsa da ta ji ba ma cin alade ta soya mana kifi daban.

Washegari ya kai mu wani tafki da ya daskare, motoci a fake a kan ruwa, ni kam da addu'a na taka. Tseren taimako ake yi, ka biya 'yan daloli ka sheƙa a miƙe, wani ya auna gudunka da na'ura a rubuta a allo, kuɗin kuma rabi na 'yan kwana-kwanan ƙauyen ne da aikin sa kai suke yi, rabi na wani gida da ɗansu ke jinya. Abin da ya tsaya min a rai, babu maroƙi babu lasifikar cewa Alhaji wane ya ba da kaza, wata tsohuwa ce zaune da kwalba da littafi, da yamma ta rubuta jimlar a kwali ta manna a ƙofa kowa ya gani. Mu da za a kira gidauniya a sanar da miliyoyi, bayan shekara ka tambayi ina kuɗin a ce ka cika tsegumi. Suna da wata 'yar ƙuri'a ta cin kyauta, wannan na kauce don ta yi min kama da caca, na jefa nawa a kwalba. Akwai ma ƙungiya guda, Pink Ribbon Riders, da hawan nan take tara wa masu kansar nono kuɗi. Kofin shayi dai dala 3 ne ko a wurin sadaka.

A hanyar dawowa mun leƙa gidan tarihin 'yan tsere a St. Germain, muka ratsa Sayner inda wani Carl Eliason ya haɗa nasa mashin ɗin a 1924. Daga nan barci ya kwashe ni, ƙanina ya yi ta tuƙi shi kaɗai yana mita har gida.