Asabar a Manchesta: Inda Ruwan Boilarmu Yake Tafiya

Yinin yau gaba ɗaya a kan boilar gidan nan, wato na'urar ɗumama ruwa da ɗakuna, ya ƙare. Tun shigowar hunturu allurar agogon da ke nuna matsin ruwa take sauka sannu a hankali, ta yadda idan na ƙara ruwa ta hau zuwa bar 1.5 (bar shi ne ma'aunin matsi), bayan wasu kwanaki sai in tarar ta koma ƙasa da 1, idan kuwa aka ƙyale ta ta kusanci 0.5, boilar takan kashe kanta, mu wayi gari cikin sanyi. Irin wadda ake kira kombi ce, wato ita ke ɗumama ruwan wanka nan take, ita ke kuma zagayawa da ruwan zafi cikin lagiretoci, wato ƙarafan da ke ɗumama ɗakuna, ba tare da tanki a saman gida ba. Ruwan da ke zagayawar a rufe yake ruf, ba a sha, ba a wanka da shi, saboda haka idan ya ragu, lallai akwai inda yake fita.

Da safe na bi lagiretocin ɗaya bayan ɗaya ina goga tishu a gindin kowane bawul, na ɗaga gefen kafet, na duba silin ɗin falo ko zan ga tabon danshi, amma ko'ina a bushe yake. Uwargida ta ce, "Maigida, tun da ƙara ruwan yana tayar da ita, me zai hana mu ci gaba da hakan har sanyi ya wuce?" Ban goyi bayan wannan shawara ba, domin kowane sabon ruwa yana shigowa da iska, yana kuma tsinka maganin hana tsatsa da aka zuba a cikin bututun, ƙarshenta baƙar laka ta taru a ƙasan lagireto ta toshe hanya.

Bayan azahar injiniyan da mai gidan da muke haya ya turo ya iso, ya nuna mini katinsa na Gas Safe, rajistar da doka ta wajabta wa masu gyaran kayan gas a Birtaniya. Bai tsaya laluben yoyo a ɗakuna ba. Kunna ɗumama ya yi, ya tsaya yana kallon agogon, cikin ɗan lokaci kuwa allurar ta tashi daga 1 ta doshi 3, alhali lafiyayyar boila ba ta cika wuce 2 ba ko da ta yi zafi. Daga nan ya fita da ni bayan gida, ya nuna mini wani ɗan bututun tagulla da aka lanƙwasa bakinsa ya fuskanci bango. A ƙarƙashinsa bulon ya yi duhu, da wani siririn layi fari inda ruwa ya sha gangarowa ya bushe.

Bayanin da ya yi ya gamsar da ni. Ruwa yana ƙara girma idan ya yi zafi, shi ya sa aka sanya wani tanki faffaɗa a cikin boilar, wanda aka raba cikinsa biyu da roba, gefe ɗaya ruwa, ɗaya gefen iska, domin iskar ta riƙa matsewa tana ba ruwan wuri. Idan iskar ta zurare, ruwan ba shi da wurin zuwa, matsi ya hau har bawul ɗin tsaro ya buɗe a bar 3 ya zubar da kaɗan waje, da dare kuma idan komai ya huce, sai allurar ta faɗi ƙasa da inda ta fara. Ya danna tsinken bakin tankin, wanda yake daidai da na tayar mota, sai wata 'yar iska mara ƙarfi ta fito. Da ruwa ne ya fito, in ji shi, da robar ta fashe, sai an canza tankin ɗungurungum. Ya sauke matsin ruwan, ya bugo wa tankin iska da famfon hannu zuwa kusan bar 1, sannan ya sake cika boilar.

Bai yarda ya ce an gama ba, kuma na ga dacewar hakan. Bawul ɗin tsaron da ya saba buɗewa yakan riƙe ƙwayar datti a bakinsa, ya ci gaba da ɗiga ko da matsin ya daidaita, don haka ya ɗaure leda a bakin bututun na waje. Idan ruwa ya taru a ciki, zai dawo da sabon bawul. Idan ledar ta zauna a bushe amma allurar ta ci gaba da sauka, za a kashe boilar a rufe bawul biyun da ke ƙarƙashinta na dare ɗaya, a gane ko yoyon a cikinta yake ko a bututun da ke ƙarƙashin daɓen katako. Wannan na ƙarshen shi nake fatan Allah Ya raba mu da shi, domin sai an ɗaga kafet da katakon falo, kuma shawo kan mai gidan ya amince da kuɗin aikin wani dogon zance ne. Na aika masa da hoton bangon da na agogon, har yanzu bai amsa ba.