Sankarar baki da binciken gano ta tun ba ta yi nisa ba

Sankarar baki ba ta farawa da abin tsoro. Sau da yawa ɗan gyambo ne a gefen harshe, ko farin tabo a cikin kumatu, ko jan tabo a dasashi, wanda mai shi zai ce zafi ne, ya sayi maganin kurkurar baki a kemis, ya yi wata da watanni yana jiran sauƙi. Kafin ya isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wataƙila ƙululu ya riga ya fito masa a wuya, haɗiyar tuwo ma ta gagara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum 389,846 suka kamu da sankarar leɓe da ta cikin baki, 188,438 kuma suka rasu, sannan taba da giya suna kan gaba cikin abubuwan da ke jawo ta.

Har yau, hanyar tabbatar da cutar ita ce a yanki 'yar tsoka daga wurin a duba ta da madubin likita. A nan mutanenmu ke ja da baya, domin an daɗe ana faɗa musu cewa daji ba ya son ƙarfe, alhali wannan yankan ba ya yaɗa ciwon, jinkirin ne ke ba shi dama. Shi ya sa nake bibiyar binciken da ke neman hanyar tace masu buƙatar yankan tun da wuri.

Akwai fitilar VELscope da aka ƙirƙiro a Kanada, wadda ke haska baki da shuɗin haske, lafiyayyen nama ya fito kore, wurin da ake zargi ya yi duhu. Matsalarta ita ce kumburi na yau da kullum ma yakan yi duhun. A Amurka kuma, tun 2004 tawagar Farfesa David Wong a Jami'ar Kalifoniya ta nuna cewa ana iya samun alamun cutar a cikin yawu, sai dai gwajin bai zama na kowane asibiti ba tukuna.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ya fi waɗannan araha. A jihar Kerala ta Indiya, an horar da ƙananan ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida suna duba bakin mutane da ido, sakamakon da aka wallafa a 2005 kuma ya nuna mace-macen cutar sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku tsakanin masu shan taba ko giya. A Malesiya an ɗora a kan wannan da manhajar MeMoSA, inda ma'aikaci ke ɗaukar hoton cikin baki da waya ya tura wa ƙwararre.

A ganina, irin wannan ne ya dace da ƙananan asibitocin Samaru, Tudun Wada da ƙauyukan Giwa, musamman don dattawan da ke dasa taba gari a bayan leɓe. Amma da yake dasashin baƙar fata kan zo da duhun halitta, duk manhajar da za a koya wa gane cutar daga hoto da kanta, ba sai ƙwararre ya duba ba, tana buƙatar hotunan bakin mutanenmu, kuma tattara su aiki ne da likitocin haƙori da ɗalibanmu na Zariya za su iya somawa. Kafin nan, duk gyambon bakin da ya wuce mako uku bai warke ba, a kai shi likita ya gani.