Bayan harbi, riƙe igiyar karenka

Ƙannena masu sha'awar farauta a ƙasar duwatsu, yawancin naman da ke kuɓuce wa maharbi bayan an harbe shi yake kuɓucewa, kuma gaggawa ce sila. Mazo ko gada in harbi ya same su ba su cika yin nisa ba. Sukan nemi sarƙaƙiya ko gindin dutse su kwanta, jini ya yi ta zuba har ƙarfi ya ƙare. Amma da sun ji haushin kare a bayansu sai su miƙe, su tsallaka kwazazzabon da kai sai ka yi zagaye mai nisa kafin ka kai.

A duwatsun yankin Toro ta jihar Bauchi na koyi wannan da tsada. Na harbi namijin mazo a bakin kurmi, hayaƙin adaka bai gama washewa ba na kwance wa karyata igiya. Ban san cewa mazo mai rauni yakan juyo ya yi faɗa ba. Ko da na iso na tarar ya farke mata cinya da ƙaho, tana kwance tana haki, shi kuwa ya shige duhuwa. Na saɓo ta a kafaɗa muka gangaro, ba nama, ga jinya.

Abin da ya kamata shi ne ka tsaya, ka lura da inda naman yake tsaye lokacin harbi da inda ya ɓace wa ganinka, ka karya reshe ka sa alama. Sannan ka durƙusa ka duba jinin. Ja wur mai kumfa na huhu ne, wannan ba zai daɗe ba, ko rabin sa'a ka jira ya isa. Mai duhu-duhu yawanci na hanta ne, sai ka ƙara haƙuri. In kuwa ka ga ɓurɓushin ciyawa da wari, tumbi ka samu: nemi inuwa ka zauna sa'o'i, komai ƙaiƙayin ƙafarka. Da ka tashi bin sawu, kare na igiya doguwa, kai kana bayansa.

Wata wautar da na daɗe ina yi ita ce gardama da hancin kare. Jini ya ɗauke a kan falalen dutse, kare ya ja hagu, ni in fizgo shi dama don a ganina nan ce hanya. Shi yake da gaskiya kusan kullum. Taimakonka gare shi sanin iska ne. Da hantsi, in rana ta ɗumama dutse, iska sama take hawa, da yamma kuma ta gangaro kwari. Raɓar safiya tana riƙe ƙanshin sawu, hunturu kuwa busar da shi yake nan da nan. Da azahar dutse na ƙona tafin kare, don haka gorar ruwanka ta ku biyu ce.

Ba a kiwon kare ranar farauta. Tun yana kwikwiyo ake ja masa fatar akuya da ɗigon jini a bayan gari, a saba masa da igiya da kira, a yi masa allurar haukan kare. In kun ji gwaggon biri a saman dutse, janye karenka, garkensu na yaga kare. Kai ma kada ka zura hannu cikin kogo ko ƙarƙashin dutse. Wanda ya taɓa leƙa asibitin masu saran maciji na Kaltungo ya san aikin macijin nan gobe-da-nisa.

Ka ambaci sunan Allah lokacin harbi da lokacin sakin kare, wuƙarka kuma da kaifi, domin in ka riski naman da rai sai an yanka. Macen dabba mai ciki ko mai shayarwa a bar ta. Yankari, Lame-Burra da Falgore dazuka ne da doka ta keɓe, ko naman da ka harba ya tsallaka iyakarsu, nan bin sawu ya ƙare. A wannan zamani na rashin tsaro kuma, kafin ka hau dutse da bindiga ka biya wajen mai unguwa da sarkin bakan yankin, ka faɗa musu inda za ka da lokacin da za ka sauko.