Yadda na canja tof gasket na Golf 3 da hannuna, da inda ba a yi wa aikin rowa

Injin da nake magana a kai shi ne 1.8 mai bawul 8, wanda ke cikin wasu Golf 3 da ke haya a Kano, Kaduna da Zariya. Canja masa tof gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin tof silinda (kan inji) da bulok (gangar jikinsa), aiki ne babba, amma mai haƙuri da kayan aiki zai iya yin sa a tsakar gida. Kuɗin hannun bakanike ne kaɗai ke tsira. Kuɗin kusoshi, gasket mai kyau da auna tof silinda suna nan, kuma duk wanda ya yi musu rowa zai sake buɗe injin.

Kafin na kwance komai sai da na tabbatar gasket ɗin ne. Da safe, inji na sanyi, na buɗe murfin tankin ruwa na tayar da mota. Kumfa ta riƙa tasowa ba yankewa, tiyon sama na lagireto ya yi tauri alhali injin bai ɗumi ba. Wannan iskar silinda ce ke kutsawa hanyar ruwa. Da na fitar da fulogai, na biyu da na uku sun fita fes, tururi ya wanke su. Awon kwamfireshan ya nuna su biyun a ƙasa. Ka'idar wannan inji, bambancin matsin iska tsakanin silinda da silinda kada ya wuce bar 3, kuma idan maƙwabta biyu suka faɗi tare, gasket ya ƙone a siririn wurin da ke tsakaninsu. Baƙin mai a cikin ruwa shi kaɗai ba hujja ba ne, don wasu injinan na da kula, wato na'urar sanyaya mai, a gindin filta, ita ma takan huje ta haɗa su.

Abin da na tanada daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano: gasket na kamfani sananne irin Elring ko Victor Reinz, sababbin kusoshin tof guda 10, gasket na murfin bawul, bel ɗin taimin da tenshina mai ɗame shi, tamostat mai buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, baƙin mai lita 4 da filta, sai ruwan kulan. Kusoshin nan kansu mai tsaga 12 ne, sai da soket ɗinsu na musamman. Wanda ya cusa alanki ya cinye kan, ya sayi wahala. Sifana mai awon ƙarfi kuwa, in babu a aro. Ba ta da madadi.

Da daddare na jiƙa notocin salansa da man kwance tsatsa. Washegari na cire kan batir, na zubar da ruwa ta tiyon ƙasa, na manna wa kowace waya da ƙaramin tiyo takarda mai lamba. Manifol na iska da na hayaƙi duk a bayan injin suke, wurin da hannu ba ya shiga da daɗi, saboda haka na bar su jikin tof, na raba salansa kawai daga ƙasa, muka ɗaga mu biyu.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne taimin, don maki uku ne, ba biyu ba. Akwai alamar da ke jikin filawil, ana leƙa ta ta ramin da ke saman giyabos. Akwai ta gilin kamshaf, sandan da ke buɗe bawul. Ta ukun ita ce ta shaf ɗin tsakiya, wanda ke juya distiributa da famfon mai. Da zarar an zare bel, wannan shaf ɗin yakan juya ko da ɗan taɓi ne. Sai a gama aiki tsaf, a murza makulli, mota ta ƙi tashi ko ta riƙa tari, a hau zargin gasket. Na buɗe murfin distiributa na tabbatar rota na kallon tsagar silinda ta ɗaya, na ɗiga farin fenti a wuraren uku kafin na sassauta tenshina.

Kusoshin tof ana kwance su ne inji ya huce sarai, daga gefe zuwa tsakiya, a gicciye, kaɗan-kaɗan. Tof ɗin alminiyam ne, bulok kuwa baƙin ƙarfe. In aka kwance da zafi, ko aka zare na tsakiya tukuna, tof na iya lanƙwashewa. Bayan an sauke kada a kifa shi a ƙasa, wasu bawul a buɗe suke. A ɗora shi kan katako biyu.

Daga nan sai awo, kuma a nan na fi ɓata lokaci. Na kankare tsohon gasket ba tare da na ƙarce fuskar ba, na ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye, a kwance da kusurwa-kusurwa, ina zura fila gej, siraran ƙarafan auna rata, a ƙarƙashinsa. Iyakar lanƙwasa milimita 0.1 ce. Nawa ya wuce a tsakiya, don haka na kai wa masu injin share fuska. A gaya musu su ɗebi kaɗan: tsayin tof kada ya gaza milimita 132.6. Motocin da suka sha haya galibi an taɓa share su, saboda haka a auna kafin a sa a inji. Goge tof da samfefa a kan dandamalin siminti, kamar yadda na ga ana yi, ƙara masa kwari yake. A duba tsakanin mazaunin bawul kuma. ’Yar tsaga da ba ta wuce faɗin milimita 0.5 ba kamfanin ya yarda a ci gaba da amfani, wadda ta fi haka sai a nemi wani tof a Panteka.

Sharewa na buƙatar a cire kamshaf. Murafansa ana sassauta su ne bi da bi. Tafet 8 ɗin, wato ƙoƙunan da ke tsakanin kamshaf da bawul, kowanne ya koma raminsa, na jera su a kiret ɗin ƙwai da lamba. Wajen mayarwa ƙarfin ɗaurin murafan Nm 20 ne a sifana mai awon ƙarfi.

Ramukan kusoshi a jikin bulok su ne ba a kulawa da su. Ruwa da mai kan taru a ciki lokacin ɗaga tof. Kusa ta sauka a kansu, sifana ta nuna an kai ƙarfi alhali ba a danne gasket ba, wani lokaci ma bulok ya tsage. Na tsotse kowane rami da sirinji, na bi da tsumma a jikin waya har ya fito a bushe.

Gasket a bushe ake sa shi, rubutun OBEN ko TOP na kallon sama. Babu gam, babu giris, babu fenti. Na yanke kan tsofaffin kusoshi biyu, na yi musu tsaga da zarto, na ɗaura su a ramukan baya na gefe don su riƙe gasket su yi wa tof jagora, daga baya na zare su da sukundireba. Ɗauri daga tsakiya zuwa gefe ne, a gicciye, zagaye huɗu: Nm 40, Nm 60, sai kwatan juyi, wato digiri 90, sai wani digiri 90. Na ja layin fenti a kan kowace kusa don in ga juyin da idona. Zagayen ƙarshe yana da ban tsoro, kusa takan yi kamar za ta tsinke. Haka aka ƙera ta, miƙewa take yi, shi ya sa ba a maimaita tsohuwa, kuma ba a sake bin ta da ɗauri bayan mota ta yi tafiya. Araha ba ta ado.

Bel ya yi daidai idan aka kama shi da yatsa biyu tsakanin gilin kamshaf da na shaf ɗin tsakiya ya murɗu digiri 90 da ƙyar. Notin tenshina Nm 45. Na juya injin da hannu zagaye biyu, makin uku suka dawo wurinsu. Tunda an taɓa tafet, na bari minti 30 suka wuce kafin tayarwa. Sabon mai da filta dole ne, tsohon ya sha ruwa.

Gasket ba ya ƙonewa haka kawai, zafi ne ke cin sa, kuma in ba a gano tushen zafin ba sabon ma zai bi sahu. A tawa motar robar bakin tiyo da ke gefen tof ce ta tsage tana ɗigar da ruwa a ɓoye, ga shi an daɗe da cire tamostat. Wannan al'ada ta cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye ina adawa da ita ƙwarai. Ɓoye ciwo take yi, inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha fetur, ya ci ringi. Na mayar da tamostat, na canja robar da murfin tanki, na wanke lagireto, na zuba kulan maimakon ruwan rijiya mai toshe hanyoyi da tsatsa. Shuɗin G11 da jan G12 ba a gauraya su. Sannan na bar motar tana aiki a tsaye, hita a buɗe, ina matsa tiyo iska na fita, har tiyon ƙasa ya ɗau zafi, fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta. Washegari da ta huce na ƙara ruwan da ya sauka zuwa layinsa.